Ranar da sabon malaminmu ya yi jifa da dasta

Shekarata 18 ina koyarwa a sakandare, kuma an sha haɗa ni da sababbin malamai wai in riƙa duba su, amma gaskiya yawanci abin a takarda ne kawai, a rubuta sunanka gefen nasa, ku gaisa a sitaf rum, shi kenan an sauke nauyi. Wannan da zan ba da labarinsa ma haka na yi masa da farko, kuma har yau in na tuna ba na jin daɗi. Ya yarda in rubuta amma kar in faɗi sunansa ko na makarantar, to zan riƙa cewa ƙanen nawa, dama haka nake kiransa.

Ya zo mana yana da shekara 24, digirinsa na lissafi da ɗuminsa, ga zumuɗi kaman zai tashi sama. Lesin not ɗinsa in ka gani sai ka ce littafi za a buga. Aka ba shi azuzuwa 5, kowanne yara sun haura 50, aka ƙara masa fom masta na ɗaya daga ciki, sannan da aka lura ya iya kwamfuta sai aka ce ai shi zai riƙa shigar da makin jarrabawar sashen gaba ɗaya. Haka ake yi wa sabo, duk kayan da tsofaffi suka gaji da ɗauka shi ake jibga wa, shi kuma ba bakin cewa a'a dan yana so a ce yana da ƙoƙari.

Shawara guda muka ba shi a satin farko, kuma kusan da baki ɗaya: ka ɗaure fuska, in ka sake musu sun raina ka kenan, kuma komai suka yi maka kar su ga alama a fuskarka. Ina zaune aka faɗa, na gyaɗa kai, dan ni ma haka aka gaya min lokacin da na fara. Shi kuwa mutum ne mai fara'a, irin wanda dariya ba ta masa wuya, sai ya ɗauki maganarmu kaman doka, in ya doshi ƙofar aji ka ga ya canza fuska kaman an aiko masa da mummunan labari.

A sati na 7 abin ya faru, ranar Laraba, fiyod na ƙarshe. Yana warware wani lissafi a allo sai ya manta alamar ɗebewa tun a layi na biyu, ya yi ta tafiya har layi na shida amsa ta ƙi fita, ya tsaya yana kallon allo. Wani yaro a bencin baya ya yi dariya, na kusa da shi suka kama, kafin ka ce me rabin aji ya ɗauka. Juyowar da zai yi sai ya wurga dastar da ke hannunsa, Allah ya taimaka bango ta samu ba ta samu kowa ba, ya daka tsawar da har ajin da nake na ji, ya kori yaron waje, sannan shi ma ya kwashi littattafansa ya fita saura minti 20 a tashi.

Na same shi a sitaf rum shi kaɗai. Na ce lafiya ƙanena? Ya ce lafiya lau Yallaɓai, gajiya ce kawai. Yana faɗa yana ƙoƙarin rufe biro amma hannunsa na rawa murfin ya ƙi shiga. Labarin zuciya a tambayi fuska, to tasa fuskar mun riga mun koya mata ƙarya, sai hannun ne ya tona.

A ranar bai gaya min komai ba. Sai da muka yi kusan sati biyu ina jan shi da hira bayan an tashi, muna tafiya zuwa bakin geit, sannan abubuwa suka riƙa fitowa kaɗan kaɗan. Ashe tun sati na uku ba ya barci sai wajen ƙarfe 1 na dare saboda makin, littafi sama da 250 kuma kowanne sai ya bi layi layi ya yi gyara da jan biro. Duk Lahadi da yamma cikinsa na murɗawa. Ya daina zuwa ƙwallon da yake bugawa da abokansa, kiran waya ma in ba dole ba ba ya ɗagawa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yanda yake maganar yaran, a satin farko yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya yana ba mu labarin wane mai kaifin kai ne wance tana jin kunyar tambaya, yanzu kuwa sai dai ya ce ‘yan iskan bayan can, ko ajin nan nawa na bala'i. Daga ƙarshe ya nuna min takardar ajiye aiki da ya rubuta a wayarsa, ya ce ni fa Yallaɓai na gane koyarwa ba tawa ba ce, ban iya komai ba.

Da na ji waɗannan sai na tuna wani kwas da na taɓa yi, na koma na tono takarduna. Christina Maslach, wata masaniyar halayyar ɗan adam a Amurka, ita da Susan Jackson sun fitar da ma'auni a 1981 na abin da za mu iya kira ƙonewa a bakin aiki, wato aiki ya cinye mutum har batir ɗinsa ya daina ɗaukar caji, kuma alamu uku suka kafa: zuciya ta gaji liƙis, mutum ya fara kallon waɗanda yake yi wa aiki kaman ba mutane ba, sannan ya riƙa ganin bai tsinana komai. Duka ukun ga su nan a ƙanen nawa, a wata na biyu kacal. Kuma ba shi ya fara ba, tun 1984 wani masani ɗan ƙasar Holan, Simon Veenman, ya tattara bincike 83 kan matsalolin sababbin malamai daga ƙasashe daban daban, abin da ya zo na ɗaya shi ne riƙe aji da ladabtar da ɗalibai, ya kuma yi bayanin irin girgizar da mutum ke sha in abin da aka koya masa a kwaleji ya yi karo da ainihin aji. A kwaleji ana koya maka yanda za ka tsara darasi, ba wanda ke gaya maka me za ka yi da ƙirjinka in yara 50 suka yi maka dariya.

Wata rana muna zaune na ce masa ƙanena mu koma ranar Larabar nan, daidai lokacin da ka ɗaga dasta me kake ji? Ya ce fushi mana. Na ce kafin fushin fa, lokacin da kake kallon allo amsa ta ƙi fita? Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba, can ya ce kunya. Ya ce ji na yi kaman an tuɓe ni a gabansu, na ce shi kenan yau sun gane ban cancanta ba, dama kullum ina jiran ranar da za su gane. To ka ji inda gizo ke saƙar. Fushin daga baya ya zo, shi ne ya zo ya rufa wa kunyar asiri, kuma da mun tsaya a kan cewa yana da saurin fushi da mun yi ta ba shi maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba.

A nan ne maganar basirar motsin rai ta shigo, abin da ake ta yayi a taron bita amma mutane da yawa sun ɗauka ma'anarsa ka zama mai sanyi wanda ba ya fushi. Ba haka waɗanda suka kawo maganar suka ce ba. Peter Salovey da John Mayer ne suka fara tsara ta a 1990, Daniel Goleman ya yaɗa ta da littafinsa a 1995, kuma a tsarin da Mayer da Salovey suka yi daga baya abu huɗu ne: ka iya gane abin da kai da waninka kuke ji, ka iya amfani da shi wajen tunani, ka fahimci daga ina ya taso da inda zai kai, sannan a ƙarshe ka iya sarrafa shi. Sarrafawar ce ta huɗu fa. Mu a sitaf rum mun tsallake ukun farko, muka ce masa ya danne, kuma dannewa ma ba sarrafawa ba ce. Ni a ganina nan muke yawan ruɗewa, mu kira abu haƙuri alhali haɗiyewa ce kawai, mai haƙuri ya san abin da ke cinsa ya zaɓi ya jure, mai haɗiyewa kuwa bai ma tsaya ya duba me ya haɗiya ba, ranar da cikin ya cika sai dai a ga dasta a sama.

James Gross na jami'ar Stanford ya daɗe yana gwada bambancin nan a ɗakin bincike. Abin da shi da abokan aikinsa suka gano shi ne in mutum ya danne abin da yake ji dan kar ya fito a fuska, ɓacin ran ba ya raguwa a ciki, jiki ma ƙara tashi yake, kuma ƙwaƙwalwa na raguwa wajen riƙe abin da ke faruwa a lokacin saboda wani sashen hankalin yana can yana gadin fuska. Da na karanta masa wannan sai ya yi dariya, dariyar farko da na ji daga bakinsa cikin makonni, ya ce wato Yallaɓai ɗaure fuskar ce ta cinye min alamar ɗebewa. Ban ce masa tabbas haka ne ba, mutumin da ke barcin awa huɗu ko ba ɗaure fuska zai manta alama, amma dai yaron da ya fita da sakamako mai kyau a lissafi ba haka kawai zai riƙa tuntuɓe a abin da ya sani tun yana ƙaramar sakandare ba. Arlie Hochschild kuma tun 1983 ta yi rubutu kan ma'aikatan jirgin sama da ake sa su murmushin dole, ta nuna cewa saka fuskar da ba taka ba shi ma aiki ne mai cin ƙarfi ko da ba a biyansa. Su murmushi aka ɗora musu, shi ɗaurewa, amma gajiyar iri ɗaya ce.

Abin da muka fara yi ƙarami ne har ya so ya raina. Na ce ya samu ɗan littafi, duk fitowa daga aji ya rubuta layi uku, me ya faru, me ya ji da sunansa takamaimai, kuma a ina ya ji shi a jikinsa. Na hana shi rubuta ba daɗi ko na gaji, sai ya bambance, haushi ne ko kunya ko tsoro ko takaici ko kaɗaici. Akwai binciken Matthew Lieberman na 2007 da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka ga in mutum ya sa wa yanayin rai suna, sashen ƙwaƙwalwar da ke buga ƙararrawar tsoro yana ɗan lafawa. Bayan kwana goma sai ga tsari ya fito a littafin, kusan kullum kunnuwansa ne ke fara zafi, sai maganarsa ta ƙara sauri, sai ya daina kallon yara ya koma magana da allo, kuma mafi yawa a fiyod na ƙarshe ne ko ranar da ya kwana makin. Da ya san alamun sai muka nemi abin da zai yi in sun zo, ya zaɓi ya ajiye alli, ya goge wani ɓangare na allo a hankali yana sauke numfashi, sannan ya juyo. Sakan goma ne ko ƙasa, yara ba su ma san wani abu ake ba.

Sai maganar yaron. Ni na kira shi gefe na tambaye shi, kuma kar a ɗauka wani salihi ne, yaron na da rawar kai sosai kuma dariyar da gangan ya yi, bai musa ba. Amma ya ce Malam tun a layi na biyu na ga kuskuren na ɗaga hannu, ya kalle ni ya kau da kai, dama ya ce mu na baya ba ya son jin bakinmu. Da na kai wa ƙanen nawa wannan sai jikinsa ya yi sanyi, dan shi a kansa yaron ya gane malaminsa jahili ne, ashe yaro ne da ke bin darasin fiye da kowa aka hana shi magana ya rama da abin da yake da shi. Wannan sauya yanda ka fassara abu shi ne ɗaya hanyar da Gross ya gwada, kuma ita aka ga tana rage ɓacin ran tun daga tushe, ba kaman dannewa ba. Dariyar ba ta canza ba, ma'anarta ce ta canza.

Shi da kansa ya ce zai ba ajin haƙuri kan jifan. Wannan ya jawo gardama a sitaf rum, wani babban malami ya ce in ya yi haka ya kashe kansa, malami ba ya ba ɗalibi haƙuri, wanzami dai ba ya son jarfa. Ni ma gaskiya na ɗan ji tsoro. Ya shiga ya ce musu jifan da na yi kuskure ne kuma ba zan sake ba, dariyar da kuka yi ita ma ba daidai ba ce, daga yau duk wanda ya ga kuskure a allo ya ɗaga hannu zan tsaya, wanda ya fara ganowa yana da maki ɗaya. Ba a tafa masa ba, ba wanda ya yi kuka, wasu ma sun yi ta gwada shi a satin suna ƙirƙiro kuskuren da babu. Amma ajin ya fara kallon allo, ko dan neman makin.

Yanzu ga inda nake so masu shirya bita su ji ni. Duk wannan da ya tsaya a ɗan littafi da sauke numfashi da ba a je ko'ina ba, dan mutumin da ke kwana makin littafi 250 ko ya haddace sunayen motsin rai duka sai ya fashe. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 da ta sa ƙonewa a bakin aiki cikin kundinta ba ta kira shi cuta ba, cewa ta yi abu ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Wurin aiki fa aka ce. Ina jin haushin yanda wasu shugabanni ke ɗaukar maganar basirar motsin rai su mai da ita sanda, su lafta wa malami kayan mutum uku sannan in ya durƙushe a ce ai bai iya sarrafa kansa ba. Dan haka na je wajen mataimakin firinsifal, ranar farko ya ce kowa haka ya fara, na ce shi ya sa kowa ke guduwa ai, a Amurka ma Richard Ingersoll ya ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na sababbin malamai na barin aikin cikin shekara biyar na farko. Sai a zuwa na uku aka cire masa shigar da maki aka raba wa mutum biyu, fom masta kuwa aka ƙi cirewa. Makin kuma na nuna masa yanda muke yi, ba kowane aikin aji ake bi layi layi ba, wani yara su musanya littafi a yi gyara tare a allo, wani ka ɗebi goma ka duba ka gane inda ajin ya ɓata. Ya ji kaman ha'inci ne da farko. Muka yanka ƙarfe 9 na dare, in ta yi a rufe jaka ko an gama ko ba a gama ba, kuma na matsa masa ya koma ƙwallonsa.

Na kuma tambaye shi kai tsaye ko abin ya kai yana jin rayuwar ma ta ishe shi, ya ce a'a bai kai nan ba, na ce in barcin bai dawo ba cikin ‘yan makonni ko ya ji ya fara kaiwa can to likita za mu gani, dan ni malami ne ba likita ba kuma akwai inda hira a bakin geit ba ta kaiwa. Barcin ya dawo a hankali.

Wani abu da ban zata ba, da ya fara samun barci sai ajin da yake kira na bala'i ya rage hayaniya tun kafin ya canza wata dabarar koyarwa. Akwai wani bincike da aka yi a Kanada a 2016 kan yara wajen 400, aka ga azuzuwan da malamansu suka fi ƙonewa yaran ma sinadarin damuwa na jikinsu ya fi yawa da safe. Binciken bai tantance wa ke shafa wa wani ba, ko malam ne ke ɗora wa yara ko yara ke ɗora masa, ni dai abin da na gani a ajin nan kowa na zuba wa kowa ne, in ya shigo a ɗaure su ma sai su ɗaure, su fara neman inda za su soke shi.

Ba wai daga nan komai ya zama daidai ba. A zango na biyu lokacin jarrabawa ya sake daka wata tsawar a wani ajin daban har wata yarinya ta yi kuka, bambancin kawai a wannan karon shi ya zo ya same ni kafin in ji a bakin wani, ya ce Yallaɓai na ji kunnena ya yi zafi na sani sarai amma na ƙi tsayawa, ina so in gama silabos. Ɗan littafin ma ya watsar da shi bayan wata biyu, ya ce yanzu a ka yake yi, ban sani ba ko gaskiya ne. Shi da yaron bencin baya ba su zama abokai ba, har ƙarshen shekara suna ɗan taɓa rikici, sai dai yaron ne ya fi kowa tara makin gano kuskure, guda 11, ƙanen nawa na rubuce da su a bayan rijista.

Ya gama shekarar bai tafi ba. Da na tambaye shi takardar ajiye aikin ya ce tana nan a waya bai goge ba, wai in ya san tana nan ya fi samun natsuwa, na ce to bar ta. Sabon taimtebul ya fito shekaranjiya, an ba shi azuzuwa 6 saboda an ce yanzu ai ya goge, an kuma kawo wata sabuwar malamar kimiyya an riga an miƙa mata shigar da maki. Ranar Litinin ni da shi za mu koma ofishin mataimakin firinsifal, ya ce wannan karon shi zai yi maganar, ni in zauna kawai.